Waiwaye: Yadda Gonakin Bayan Washington Suka Tsira Daga Bakin Birni

Wanda ya hau mota daga tsakiyar birnin Washington ya nufi arewa maso yamma zai daɗe yana ratsa unguwanni da manyan kantuna da ofisoshi da tagwayen tituna. Can sai ya ga abin da ba a saba gani ba a gefen babban birni. Gine-gine sun tsaya cak, kamar an ja musu layi a ƙasa an ce kada su ƙetare. Daga nan sai gonakin masara da waken soya, makiyayar shanu da dawakai, lambunan tuffa, da 'yan garuruwa irin su Poolesville, har zuwa gaɓar Kogin Potomac. Wannan yanki yana cikin Gundumar Montgomery ta jihar Maryland. Faɗinsa eka 93,000 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar gundumar, kuma gunduma ce mai mutum sama da miliyan ɗaya, inda ƙafa ɗaya ta fili take da tsada ƙwarai. Layin kuwa da gaske an ja shi, a shekarar 1980. Amma kafin a kai ga wannan shekara, Amurka ta yi sama da shekara sittin tana gwaji tana kuskure, kuma ta yi asarar gonakin da har abada ba za su dawo ba.

Gunduma a Amurka ta ɗan yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, sai dai tana da haƙori. Akwai su sama da 3,000. A jihohi da yawa gunduma ce take karɓar harajin gidaje da filaye, ita take kula da hanyoyin karkara, kuma ita take faɗin abin da za a iya ginawa a ƙasar da take wajen iyakar birane. Sannan mallakar ƙasa a can ba irin ta Najeriya ba ce, inda dokar 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Ba'amurke idan ya sayi fili, nasa ne ɗungurungum, kuma tun yana yaro ya tashi da jin cewa babu mai gaya masa abin da zai yi da shi. Duk tarihin da zan bayar ja-in-ja ne tsakanin mai cewa "gonata ce" da jama'ar da ke cewa "amma da ita muke ci, kuma mu za mu biya kuɗin titi da ruwa da makaranta idan ka mayar da ita unguwa".

Tsarin kasafta ƙasa shiyya-shiyya, a ce nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'antu, ba don manomi aka ƙirƙiro shi ba. A birni aka haife shi. A 1915 aka kammala wani dogon bene mai suna Equitable a New York, wanda inuwarsa ta rufe maƙwabta ta hana su hasken rana. Wannan, tare da koken manyan 'yan kasuwa da ba sa son masana'antun ɗinki su matso kusa da kantunansu, ya sa birnin ya kafa cikakkiyar dokar shiyya ta farko a ƙasar a 1916. A shekarun 1920 Ma'aikatar Kasuwanci, ƙarƙashin Herbert Hoover wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ta rubuta samfurin doka da jihohi suka riƙa kwafa don bai wa ƙananan hukumominsu wannan iko. Tambayar da ta rage ita ce ko tsarin mulki ya yarda hukuma ta rage wa mutum darajar filinsa ba tare da ta biya shi ba.

Amsar ta fito daga wani ƙauye mai suna Euclid a gefen birnin Cleveland, jihar Ohio. Kamfanin dillancin filaye na Ambler yana da eka 68 a wurin, yana jiran ya sayar wa masu masana'antu. Da ƙauyen ya keɓe wani ɓangaren filin don gidajen zama, kamfanin ya ce an karya masa farashi daga dala 10,000 kowace eka zuwa dala 2,500, ya garzaya kotu. A watan Nuwamba na 1926 Kotun Ƙoli ta bai wa ƙauyen gaskiya, alƙalai shida a kan uku. Duk wata dokar shiyya ta kare gona da aka yi a Amurka bayan haka, a kan wannan hukunci ta tsaya.

Dole a faɗi cewa wannan makami bai fito da tsabta ba. Birane da dama sun yi amfani da shi don ware baƙaƙen fata, har sai da Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka ta birnin Louisville a 1917. Bayan an hana wariya a fili, wasu unguwanni suka koma yin ta a kaikaice, ta hanyar cewa ba za a gina gida ba sai a kan makeken fili wanda talaka ba zai iya saya ba. Wannan tabo yana nan har yau, kuma shi ya sa wasu Amurkawa, da zarar sun ji an ce za a kare gonaki, sai su tambaya ko gonar ake karewa ko kuwa talaka ake kora.

Lokacin da tsarin ya fara fita karkara ma, ba don hana birni cin gona ya fita ba. A 1933 Gundumar Oneida ta jihar Wisconsin ta kafa dokar shiyya ta karkara da ake ɗauka ita ce ta farko, kuma manufarta ita ce hana mutane zuwa noma a dazuzzukan da aka sassare, inda ƙasa ba ta da albarka kuma kai musu hanya da makaranta yana cinye kuɗin gunduma. A wancan zamani babu wanda ya zaci ƙasar noma za ta iya yin ƙaranci a Amurka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abubuwa suka juya. Sojoji suka dawo suka yi aure, gwamnati ta tsaya musu suka samu bashin gida mai sauƙi, mota ta zama ta kowa. A tsibirin Long Island, wani kamfanin iyali mai suna Levitt ya sayi gonakin dankalin Turawa ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, aka kira wurin Levittown. A 1956 aka sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kuma duk inda hanya ta buɗe baki, unguwa ta tsiro. Magini kuwa abin da yake nema shi ne fili shimfiɗaɗɗe, wanda aka riga aka share, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, kusa da gari. Wannan siffar gona mafi kyau ce. Gundumar Los Angeles ta shafe kimanin shekara arba'in, daga 1909 zuwa 1949, tana kan gaba a duk Amurka wajen darajar amfanin gona, da lemonta da madararta. Yau sai an tono tarihi kafin a yarda. Kwarin Santa Clara, wanda ya shahara da lambunan 'ya'yan itatuwa, shi ne yanzu cibiyar kamfanonin kwamfuta da duniya ta sani da Silicon Valley.

Yadda gona take mutuwa a bakin gari abu ne da ya kamata a tsaya a duba, domin sau da yawa manomi ba kwaɗayi ne yake sa shi sayarwa ba. Da zarar an gina unguwa kusa da shi, mai kimanta haraji sai ya daina kallon gonarsa a matsayin gona, ya koma kallonta a matsayin fulotai. Harajin ya ninka, masara kuwa farashinta bai canja ba. Sababbin maƙwabta su fara ƙorafin warin taki da ƙarar tarakta da asuba. Mai sayar da iri da mai gyaran injin noma su ga kwastomomi sun ragu, su rufe su tafi. Manomin ya daina gyara rumbu da shinge, don ya san kwanakinsa a wurin ƙidayayyu ne. Ga tsufa, ga 'ya'ya sun tafi birni, kuma ba shi da wata ajiya sai wannan ƙasa. Ranar da dillali ya ƙwanƙwasa ƙofa, an riga an gama cinikin tun shekaru da suka wuce.

Jihar Maryland ce ta fara kama zaren ta wajen haraji. A 1956 ta yi dokar da ta ce a kimanta gona bisa abin da take nomawa, ba bisa abin da magini zai biya ba. Sauran jihohi suka bi sahu. Kalifoniya a 1965 ta ƙara wani mataki da dokar Williamson, inda manomi zai sa hannu da gunduma cewa ba zai gina ba har shekara goma, ita kuma ta rage masa haraji. Wannan ya ba manoma sararin numfashi, amma bai tsayar da birni ba. Hasali ma 'yan ajiyar fili sun amfana da shi, domin mutum zai sayi gona ya zuba 'yan shanu yana biyan haraji kaɗan har ranar da farashi ya kai inda yake so.

Daga nan aka gwada hani kai tsaye. Gundumar Napa a Kalifoniya ta keɓe kwarinta don noma a 1968. A 1973 jihar Oregon, ƙarƙashin Gwamna Tom McCall, ta yi doka mafi tsauri, wadda ta wajabta wa kowane gari ya ja iyakar da ba zai faɗaɗa ya wuce ba sai da hujja, kuma ta wajabta wa gundumomi keɓe ƙasar noma. Abin sha'awa shi ne babban wanda ya tura dokar a majalisa, Hector Macpherson, manomi ne mai shanun madara, wanda ya ga unguwanni suna matso wa gonarsa a kwarin Willamette. Sai dai hani ba tare da diyya ba yana barin ƙulli a zuciya. Shekara talatin da ɗaya bayan haka, a 2004, masu zaɓe a Oregon suka amince da wani ƙuduri da ya ce ko dai a biya mai fili asararsa ko a bar shi ya gina. Da suka ga yawan buƙatun ginin da suka kwararo, sai suka dawo a 2007 suka rage masa ƙarfi.

A ɗaya ɓangaren kuma, Gundumar Suffolk, maƙwabciyar wadda Levittown ya cinye gonakinta, ta zo da wata dabara a 1974. Masana shari'ar Amurka suna kallon mallakar fili kamar damin kara: akwai haƙƙin noma, haƙƙin sayarwa, haƙƙin gadarwa, haƙƙin gini, kuma ana iya zare guda ɗaya a bar sauran. Suffolk ta ce za ta sayi haƙƙin gini kaɗai. Manomi ya karɓi bambancin da ke tsakanin farashin gonarsa a matsayin gona da farashinta a matsayin fulotai, a rubuta a takardar mallaka cewa ba za a taɓa gina unguwa a kanta ba, sannan ya ci gaba da nomansa, ya sayar ko ya gadar yadda ya so. Babu wanda aka tilasta. Matsalar ita ce kuɗi. Kusa da babban birni haƙƙin ginin eka ɗaya yana da tsada sosai, kuma aljihun gunduma ba ya iya sayen gonaki da saurin da magina suke saye.

To, a nan ne Montgomery ta shigo. A 1950 mutanenta ba su kai 165,000 ba. A 1970 sun haura rabin miliyan, saboda ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke fitowa daga Washington neman gida. Tun 1964 gundumar ta amince da wani babban tsari wanda ya ce gine-gine su bi manyan hanyoyi kamar yatsun hannu, a bar kore tsakanin yatsa da yatsa. A takarda ya yi kyau, amma ba shi da abin tilastawa. A farkon shekarun 1970 suka ce a karkara ba za a gina gida ba sai a kan eka biyar, da zaton haka zai kashe wa magina gwiwa. Abin da ya faru akasin haka ne. Eka biyar ta yi wa noma kaɗan, amma ta yi daidai da mai kuɗin da ke son gida da faffaɗar harabar ciyawa. Gonaki suka ci gaba da tafiya, kuma kowane gida ɗaya yana cin ƙasa fiye da da.

Shugaban hukumar tsara ƙasa ta gundumar a lokacin, Royce Hanson, da abokan aikinsa suka haɗa hani da diyya a wuri ɗaya, kuma ba tare da gunduma ta zaro kuɗi daga baitulmalinta ba. A 1980 majalisar gunduma ta amince. A cikin yankin da aka keɓe, gida ɗaya kawai za a gina a kowace eka 25. Amma manomi bai rasa abin da tsohuwar doka ta ba shi ba, domin an ba shi takardar haƙƙin gini ɗaya a kan kowace eka biyar, wadda ba zai yi amfani da ita a gonarsa ba, sai dai ya sayar. A ce mutum yana da eka ɗari. Da, zai iya yanka gida ashirin. Yanzu huɗu kawai zai iya ginawa, amma yana riƙe da takardu ashirin. Idan ya ajiye huɗu don gidajen, sauran goma sha shida sai ya kai kasuwa. Masu saye su ne maginan da ke aiki a wasu unguwanni da gunduma ta ware can kusa da gari, irin su Olney, inda akwai ruwa da magudana da makarantu. Duk takarda ɗaya da magini ya saya tana ba shi damar ƙara gida ɗaya a kan abin da doka ta ƙayyade masa. Da zarar manomi ya sayar, a rubuta hanin a takardar gonarsa, ya bi ta ga duk wanda ya saya ko ya gada.

A ganina hikimar tana nan ne: gidan da za a gina a tsakiyar gonar masara bai ɓace ba, an ɗauke shi ne an kai shi inda ya fi dacewa, kuma wanda zai ci ribar gini shi ya biya wanda ya haƙura da gini. Wasu masu filaye sun kai ƙara kotu, amma dokar ta tsaya. A shekarun farko manoma sun koka, kuma suna da gaskiya, domin takardun sun fi wuraren amfani da su yawa, farashi ya faɗi. Daga baya ya tashi lokacin da kasuwar gidaje ta yi zafi, ya sake sauka da ta yi sanyi. Duk da haka, ta wannan hanya kaɗai an ɗaure wajen eka 50,000 da hani na dindindin.

Wanda yake son ganin abin da zai faru da ba a ja layin ba, ya leƙa tsallaken kogi. Gundumar Loudoun ta jihar Virginia tana da mutum kimanin 57,000 a 1980. A 2020 sun haura 420,000, kuma gabashinta ya cika da unguwanni da manyan rumbunan adana bayanan intanet. An sha kawo shawarar gina sabuwar gada da za ta haɗa Loudoun da Montgomery ta tsakiyar yankin noman, Montgomery tana ƙi, domin ta san abin da ke bin bayan hanya.

Shekarar 1980 ta zama mahaɗa a wurare da yawa. A cikinta aka kafa ƙungiyar American Farmland Trust, a cikinta Gundumar Lancaster ta Pennsylvania, ƙasar manoman Amish masu noma da dawakai, ta kafa hukumar kare gonakinta. Pennsylvania ta tallafa wa gundumominta da bashin dala miliyan 100 da masu zaɓe suka amince da shi a 1987, daga baya kuma da harajin taba sigari. Lancaster ta kai ga kare gonaki sama da eka 100,000, gona bayan gona.

Amma kada a ɗauka an gama. Ko a Montgomery, gida ɗaya a eka 25 ya zama wata ƙofa, domin akwai masu kuɗin da eka 25 ba ta fi ƙarfinsu ba, su gina katafaren gida su ajiye dawakin hawa biyu. Sai da gundumar ta fito da wani shiri a 2008 na sayen wannan ragowar haƙƙin ma. Ga kuma matashin da yake son noma amma ba zai iya sayen ko da gonar da aka hana gini a kanta ba, a ƙasar da matsakaicin shekarun manomi ya kai 58. An tsare ƙasa, amma tsare ƙasa daban, samun wanda zai duƙa a kanta daban. Akwai kuma masu cewa keɓe kashi ɗaya cikin uku na gunduma ya ƙara tsadar gidaje. Wannan zargi yana da nauyi, kuma amsarsa ɗaya ce: wanda ya hana gini a gona dole ya yarda da gini mai yawa a cikin gari. Montgomery ta fahimci haka tun da wuri, domin tun tsakiyar shekarun 1970 ta wajabta wa manyan magina su ware wani kaso na gidajensu ga masu matsakaicin ƙarfi. Duk gundumar da ta hana gini a gona amma ta ƙi gini a cikin gari, wariya take yi da sunan noma.

A faɗin Amurka kuwa, asarar ba ta tsaya ba. Binciken American Farmland Trust ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2016 an mayar da kimanin eka miliyan 11 na ƙasar noma zuwa gine-gine ko aka daddatsa su, wato wajen eka 2,000 kowace rana.

Mai karatu da ya san kewayen Kano ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. Ƙasar da ke zagaye da birnin, wadda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana nomawa kowace damina da takin da jakuna ke ɗaukowa daga cikin ganuwa, ita ce yau ake yankawa fulotai, wasu da tsarin hukuma wasu awon igiya, ta wajen Kumbotso da Ungogo da sauran ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da birni. Dokokinmu ba irin nasu ba ne, kuma ba na cewa a kwaso tsarin Maryland a dasa. Amma manominmu yana sayarwa ne saboda dalilan da suka sa nasu ya sayar, har da ƙarin tsoron kada a karɓe gonar a biya shi diyyar shuka da itatuwa kaɗai. Ina kira ga masu tsara garuruwanmu, da 'yan majalisa, da hakimai da dagatan da ake kawo wa takardun ciniki su sa hannu: ku zauna da manoma ku fitar da taswirar fadamu da gonakin da ba za a taɓa ba tun birni bai iso su ba, kuma ku nemo yadda wanda ya haƙura ya riƙe gonarsa zai samu rabonsa daga arzikin da garin ke samu.